Waken Lazarus

Unguwar Marke, ta Makoda
Yuli, 2024

Zuwa ga Yaya Ramlat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Abban Jamil da yaran duka. Mu nan kalau muke. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma faɗa da awaki, matata Safiyatu ma tana gaishe ki. Na san za ki ce yau ma Hadi ya ƙi kiran waya ya zauna rubutu kamar mutumin da. Ki yi haƙuri da ni. Sai na hau tudun makaranta nake samun sabis, ke kuma da kin ɗauka sai ki ce oga na kira. Takarda dai ba ta katse mini magana.

Barka da sabon wurin aiki. Da Inna ta ce an mai da ke ofishin kwamitin majalisa mai sa ido a kan harkar ciniki sai da na yi dariya, don ɗaya daga hukumomin da kuke sa wa ido ta iso har ƙauyenmu. Ina nufin Hukumar Cinikin Ƙetare da Zuba Jari. Wani jami'insu, Malam Munir, yaro mai hankali, ya zo mana da magana mai daɗi. Wani kamfani a Turai yana son farin wake wanda ba a sa wa magani ba. Hukumar ta ba da iri, ta gina ƙaramin sito, in an roro ta turo mai gwaji, sannan mota ta kwashe. Sharaɗi biyu ne: a shuka waken shi kaɗai ba gero a tsakani, kuma daga ranar roro ko ɗigon magani kada ya kusance shi. Da ya ce matasa suke nema, ban bari ya rufe baki ba na tara masa tsofaffin ɗalibaina.

Kin tuna Lazarus, ɗan gidan Kawu Buwai, wanda nake yawan ba ki labarinsa? Tun da na fara koyar da darasin noma ban samu kai irin nasa ba. Yayansa Zachariah ne ya tafi haƙar zinariya can gaba da Agadas, aka aiko cewa rami ya rufta da su, ko gawa ba a gani ba. To shi ma Lazarus ya ɗaure jaka. Mahaifiyarsa Jemima ce ta zo gidanmu tana kuka ta gaya wa Safiyatu. Na same shi na roƙe shi damina ɗaya tak. Na kai shi ajina, na nuna masa a taswirar duniyar da ke bango inda wakensa zai je. Ya ɗora yatsa a Kano, ya ja shi har Ikko, ya haye teku da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zai gwada.

Wahalar a wurin ubansa take. Kin san gonakinmu, ba inda za a ajiye ƙafa ba a taka shukar wani ba, kuma kowace kunya gero da dawa da wake ne a cakuɗe. Da na yi wa Kawu bayani sai ya dube ni ya ce, “Malam, wake tsura? To in yunwa ta shigo gida, da Turanci za mu kore ta?” Amma da ya ji cewa wannan ne zai zaunar masa da ɗa, sai ya ba shi gonar bayan gida, wadda takin awaki ke fara isa, inda geron gidan ya fi yi. Har filin siton ma a gefenta ya yanka musu.

Yaya, da kin ga tsiron! Layi-layi kamar an ja da rula. In kin haɗu da manyan hukumar a ofis, ki ce wani malamin ƙauye yana godiya.

Ki gaida mutanen gida. Ki ce wa Jamil ina sane da bai amsa mini tambayar lissafin da na ba shi ba.

Ni ne ƙaninki,
Hadi


Unguwar Marke
Nuwamba, 2024

Yaya Ramlat,

Sallama da gaisuwa. Yaya aiki, yaya yara? Allah ya sa kowa lafiya. Inna ta karɓi maganin da kika aiko, ta ce Allah ya yi miki albarka.

Wake ya yi, Yaya. Ya yi irin yin da tsofaffi suka riƙa tsayar da keke suna kallo. An roro, an sussuke, an sheƙe, mata suka tsince shi tas. Malam Munir ya zo da buhunan hukuma, aka zuba, aka ɗaure bakin kowanne da wani hatimin roba mai lamba. Ya ce lambobin nan an riga an tura wa mai saye, don haka ba mai ikon yanke hatimi sai mai gwaji, kuma duk buhun da aka samu a buɗe ya fita daga ciniki. Muka ce ba damuwa, tun da ya ce kafin ƙarshen wata mai gwajin zai zo. Buhunan Lazarus sun fi na kowa yawa. Makullin sito kuma Kawu Buwai aka miƙa wa. A gidajensu yaro ba ya buɗe rumbu ubansa na raye, sito kuma a ƙasarsa yake, ba wanda ya ga abin musu. Ya rataye shi a wuya da igiyar fata.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da na ji a rediyo ranar Talata. Wai kwamitinku ya sa an dakatar da kuɗin hukumar gaba ɗaya sai an gama bincike. Wai manyanta sun yi ta zuwa baje kolin ƙasashen waje da ayarin da ba a san aikinsa ba, kuma ana biyan hayar ofisoshi a ƙetare alhali ba kowa a ciki. In haka ne, wallahi ba ni da bakin kare su. Ni da nake koya wa yara cewa dukiyar jama'a amana ce, ba zan ce a ƙyale ɓarawo don ya ba ni irin wake ba.

Sai dai na kira Malam Munir, ya ce tafiyar mai gwaji da aikin ɗakin gwajin duk daga wannan kuɗin suke fita. Ban gaya wa yaran ba tukuna. Ki taimaka ki faɗa mini gaskiya: irin wannan bincike kwana nawa yake ɗauka? Waken da ba magani ba ya son dogon zama a buhu, kin sani, ke ma a gidan manomi kika tashi.

Allah ya yi miki jagora a kan aikinki.

Ƙaninki,
Hadi


Unguwar Marke
Fabrairu, 2025

Yayata Ramlat,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, na samu amsarki ta hannun direban Makoda. Na karanta na sake karantawa. Na gane abin da kika ce, cewa ba a buɗe asusu rabi a bar rabi, kuma in aka saki ko kaɗan kafin a gama, waɗanda ake bincika ne za su fara kai hannu. Na kuma ji zafin da ke cikin rubutunki a kan abin da kuka tono. Ban ce kun yi kuskure ba. Ina so ne kawai ki ji abin da nake ji a nan.

Ƙwari sun shiga waken. In kika kara kunne a jikin buhu za ki ji su, wani ƙas-ƙas marar yankewa kamar yayyafi a kan kwano. Gari ya fara zuba a ƙasan buhunan. Da a gida ne, da tuni an baje shi a rana, an juye a durom an toshe. Amma hatimi ya hana. Na roƙi Malam Munir ya yanke da hannunsa mu shanya, ya ce ba shi da wannan iko, in ya yi an kore mu duka. Shi kansa tun dakatarwar nan ba a ba shi alawus ba, da man babur ɗinsa yake zuwa. Abin da ya iya samo mana shi ne mai sayen ya yarda ya jira zuwa ƙarshen Maris, kuma in hujin bai yi yawa ba akwai injin da zai tace a Kano.

Yara sun fara rabuwa. Wasu sun ce a fasa buhu a kai kasuwa tun da sauran abin sayarwa. Lazarus ne ya tare ƙofa. Ya ce musu sun sha rana tare, kada su sayar da wahalarsu da araha saura ƙiris. Wani ya ce masa, “Kai da Malam ku ci taswira, mu tuwo muke ci.” Aka yi dariya, ni ma na yi tawa ta dole. Duk da haka sun saurare shi, ba a taɓa buhu ko ɗaya ba.

Abin da bai faɗa musu ba shi ne gidansu ya fi kowane gida matsuwa. Gonar da ta saba cika musu rumbu ita ce ta yi waken. Safiyatu ta ce Jemima ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini, kuma in an tambaye ta sai ta ce azumin coci take yi. Kawu kuwa ko a fuska. Kullum da safe zai zagaya siton, ya taɓa kwaɗon, ya share bakin ƙofa. In na gaishe shi sai ya ce, “Malam, Turawan naka sun ƙoshi ne?”

Ranar kasuwar Makoda na hangi Lazarus tsaye da mutumin nan mai ɗibar samari zuwa haƙar zinariya. Da ya gan ni ya saki hannun mutumin. Da yamma ya zo da kansa ya ce in kwantar da hankalina, ya yi mini alkawarin ganin ƙarshen waken nan, kuma zai gani. Kalmar “ƙarshen” ce ta tsaya mini a rai.

Yaya, ga roƙona. Na ji ana cewa kwamiti yana fita ziyarar gani da ido. Da ma ai kuna son ku san ko hukumar ta yi wani aiki na gaske ko duk a takarda ne. To ga aiki na gaske a nan, ana iya taɓa shi da hannu. Ki sa sunan Unguwar Marke a gaban ogan naki. In za su zo, su taho da mai gwajin a motarsu. Ban taɓa roƙon ki komai a kan aikinki ba, kin sani. Wannan karon na roƙa.

Inna tana gaishe ki. Ba ta san na rubuta wannan ba.

Naki,
Hadi


Unguwar Marke
Maris, 2025

Yaya Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma gajiyar shirya tafiyar nan ta sake ki. Na gode, na gode ƙwarai. Na san ba ƙaramin abu kika yi ba har suka karkato da hanya zuwa ƙauyen da ba kwalta. Na so a ce kina cikin ayarin. Yanzu kuma ina gode wa Allah da ba ki zo ba, don da kin karanta komai a fuskata.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, daga farko.

Da labarin zuwansu ya iso, gari ya tashi tsaye. Aka share hanya tun daga bakin rafi. Matan coci suka yi ta gwajin waƙa, 'yan Islamiyya suka wanke allunansu. Gidajen da ba sa cin abinci sau biyu suka haɗa gero aka dama fura. Kawu Buwai ya yanka bunsurunsa, wanda Jemima ke lallaɓawa don a sayar a sayi hatsi. Na ce masa baƙin nan ba za su zauna cin abinci ba. Ya ce ko ba su ci ba, su ga an ajiye.

Ana gobe za su zo, Kawu ya ɗauki tsintsiya ya shiga sito shi kaɗai. Abin da ya gani ni ma na sha gani: ƙwari a jikin buhu, a bango, a bakin taga, baƙi ƙirin. Ya hau keke ya tafi Makoda, ya sayo kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwarin nan. Ya dama da ruwa a bokiti, ya riƙa tsoma tsintsiya yana yayyafa wa bango da ƙasa da buhunan kansu, ɗaya bayan ɗaya, har na sauran yaran. Ya rufe ƙofa. Da asuba ya buɗe taga, ya share matattun ƙwarin, ya kai su bayan gona ya binne. Duk wannan daga baya na sani.

Baƙi suka iso da hantsi. Kawu ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya ciro makulli daga wuya, ya buɗe musu da hannunsa. Ina sa ƙafa a ciki warin ya doke ni. Ya ragu, amma duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san shi. Na juya, idona ya faɗa cikin na Lazarus. Shi ma ya ji. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ranar.

Shugaban ayarin ya zagaya, ya bubbuga buhu, ya ce a duk yawon da suka yi bai ga sito mai tsabtar wannan ba. Kawu ya matso ya ce in fassara masa. Na fassara. Ya yi murmushi har da gyara hula, ya ce in gaya musu aikin ɗansa ne. Aka yi hotuna. Matar da ta zo gwaji ta yanke hatimi, ta ɗebi wake daga buhu-buhu ta ƙulle a leda. Na ga ta ɗan ja hanci, ta dubi Malam Munir, ta ci gaba da aikinta. Ta yaya zan tsaya gaban baƙi da duk gari in ce dattijon nan ya ɓata komai? Ba su ci naman ba, amma sun karɓi fura a jarka.

Bayan motoci sun tafi muka samu Kawu, ni da Lazarus. Bai ɓoye ba, shi a ganinsa abin yabo ya yi. Ya ce, “Na buɗe buhu? Na taɓa hatiminsu? A ciki kuka ce kada a sa, ban sa a ciki ba. Mutane tun daga Abuja, su tarar da ƙwari na yawo a kan waken ɗana kamar gidan da ba babba?” Lazarus ya durƙusa a gabansa. Ni na yi wa Kawu bayani cewa buhun saƙa ne, abin da aka zuba a bayansa yana ratsawa. Sai ya ce ai ya buɗe taga.

Yaya, duk bitar da muka yi a aji muka yi ta, da yara a kan benci. Ba wanda ya yi tunanin kiran mai riƙe da makulli, don ba a zaunar da dattijo a bencin ɗalibai. Abin da ya sani shi ne abin da ya tsinta a bakin ƙofa.

Na rubuto miki gaskiya don abinci ne, mutane za su ci, ba zan so a rufe ba ko da gwajin bai gano ba. Abu ɗaya nake tambaya. Shin akwai hanyar da za a gwada na tsakiyar buhu daban, ko a ba mu lokaci mu shanya a sake ɗiba? In akwai, ki nuna mini ƙofar da zan buga. In babu, ki faɗa mini kai tsaye, kada ki lallashe ni.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Hadi


Unguwar Marke
Yuni, 2025

Zuwa ga Yayata Ramlat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Abban Jamil da yara, da fatan damina ta same ku lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi. Wasiƙunki biyu suna nan, kiran da kika yi ta yi ma na gani. Ba fushi nake da ke ba. Rasa abin faɗa na yi.

Kin riga ni sanin sakamakon, tun da ta ofishinku ya biyo. Maganin ya wuce ƙa'ida a kowane buhu, mai saye ya janye, lokaci kuma ya ƙure balle a sake ɗiba. Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya biyo baya a nan.

Ranar da Malam Munir ya kawo labari aka taru a gindin marke, iyaye da yara. Malam Nababa, wanda 'yarsa ta zuba duk ƙarfinta a waken nan, ya miƙe ya ce ba za a tashi ba sai an faɗi wanda ya yi. Kowa ya san a wuyan wa makulli yake. Idanu suka fara juyawa. Kawu ya dafa sandarsa zai tashi, sai Lazarus ya riga shi. Ya ce shi ne. Ya ce ya zare makullin ubansa yana barcin rana, tsoro ya kama shi kada baƙi su ga ƙwari su ƙi waken. Kawu ya ɗaga murya ya ce ƙarya ne. Lazarus ya juya ya ce, “Baba, zauna. Ka daina rufa mini asiri, na girma.” Mutane suka ɗauka uba ne ke kare ɗansa. Ni kaɗai da Jemima muka san ɗa ne ke kare ubansa. Na buɗe baki, ya dube ni irin kallon da ban taɓa samu daga ɗalibi ba, na rufe.

Daga ranar zaman garin ya gagare shi. Shi ne ya tare ƙofa ya hana su sayarwa lokacin da waken ke da daraja, yanzu kuma shi ne ya ce ya zuba magani. Abokansa suka daina amsa gaisuwarsa. Yara ƙanana suna bin sa suna kiran “mai fiya-fiya”. Na same shi na ce ya bari in faɗi gaskiya ko ga Malam Nababa kaɗai. Ya ce shi yana da ƙafar barin gari, ubansa ba shi da ita, kuma tsohon da aka yi wa dariya a gindin marke ba ya daɗewa.

Waken kuwa, mun yanke hatiman da hannunmu, yanzu ba mai hanawa. Rabi ya zama gari. Na sa aka baje sauran a rana, na yi ta roƙo a jinkirta kafin a ci ko a sayar. Wasu sun ji, wasu yunwa ba ta bar su ba. Wani ɗan kasuwa ya kwashe da araha, bai tambayi komai ba. Na san inda zai ƙare, a tukunyar wata mata da ba ta san Unguwar Marke ba.

Na ga abin da kika rubuta, cewa bincike ya kammala, an sallami waɗanda suka ci amana, an rufe ofisoshin banza, an kuma saki kuɗin bana da sharuɗɗa masu tsauri. Wannan aiki ne mai kyau, Yaya, kuma da hannunki a ciki. Ina nufin abin da na faɗa. Na kuma ga inda kika ce an cire ƙauyenmu daga shirin saboda rashin bin ƙa'ida, kin yi ƙoƙari abin ya fi ƙarfinki. Kada ki sa wa ranki damuwa. Ko an bar mu, ban san wanda zan tara ba.

Lazarus ya tafi haƙar zinariya ranar kasuwar da ta wuce ta sama. Sai da ya jira ruwan farko, ya yi wa ubansa huɗa a gonar bayan gida, ya shuka gero da dawa da wake a cakuɗe yadda aka saba. Ya biyo ta makaranta da jakarsa, ita ce dai wadda ya ɗaure bara. Ya ce ya yi mini alkawarin ganin ƙarshen wake, ya gani. Ya ce in riƙa leƙa tsofaffin. Na yi masa duk maganar da na iya, har na ce zan nema masa koyarwa a firamare. Ya saurare ni har na gama, don yaro ne mai ladabi. Sannan ya durƙusa ya gaishe ni, ya hau babur ɗin da ke jiran sa.

Jiya bayan an tashi ina aji ina goge allo, sai na ji sallama. Kawu Buwai ne, da fartanya a kafaɗa. Tun da aka gina makarantar nan bai taɓa shiga aji ba. Ya cire makullin siton daga wuyansa ya ajiye a kan teburina. Sannan ya ce ya ji akwai wata takarda a bango da na nuna wa Lazarus, wadda ake ganin duniya a ciki. Ya ce in nuna masa inda yaransa suke.

Na kai shi gaban taswirar. Na ɗora masa yatsa a Kano, na ja shi sama, muka wuce Zindar, muka wuce Agadas. Daga nan babu rubutu, babu layin hanya, babu ɗigon gari, sai fili ruwan ƙasa. Na ce nan ne. Ya matso da ido sosai ya duba. Ya ce, “Malam, ai ba a rubuta komai a wurin ba.” Na ce e, Kawu, ba a rubuta ba. Ya bar yatsansa a wurin har ladan ya kira la'asar. Sannan ya ɗauki fartanyarsa, ya ce ciyawa ta fara cin geron, ya fita.

Makullin yana nan a aljihuna. In kin san wanda ake mayar wa, ki faɗa mini.

Inna da Safiyatu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninki,
Hadi